Filin Amsa Tambayoyi: Kwana a Tanti a Gonar Mutane, Kusa da Kogi ko Tafki

Wasiƙun da ke zuwa wannan fili game da fita bayan gari a kwana a tanti sun yawaita a 'yan watannin nan, kuma akasarinsu daga unguwanninmu na Kumasi suke fitowa. Na zaɓi guda huɗu daga cikinsu, na taƙaita tambayoyin, na kuma ɓoye sunayen masu su kamar yadda aka saba.

Tambaya ta farko, daga wani matashi a Aboabo:

Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne 12 da muke da ƙungiyar motsa jiki, kuma muna so mu je Tafkin Bosomtwe mu kafa tantuna kwana biyu, amma nesa da inda jama'a ke cincirindo. Ɗayanmu ya ga wani fili a gefen gonar koko, kuma mai kula da gonar, ɗan arewa ne mai jin Hausa, ya ce mu zo babu komai. Shin wannan izinin ya wadatar? An kuma ce mana ba a gaida sarkin ƙauye sai da kwalbar giya. Yaya za mu yi?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Niyyarku mai kyau ce, kuma ina goyon bayanta, domin yaron da ya tashi tsakanin Aboabo da kasuwar Kejetia yana da haƙƙin ya san ƙasar da ke kewaye da garinsu. Amma izinin da kuka samu bai wadatar ba, kuma dalilin yana cikin yadda ake riƙe ƙasa a Gana.

Kusan kashi 80 cikin 100 na ƙasar Gana tana ƙarƙashin mallakar gargajiya ce. A yankin Asante yawancinta ƙasar kujerar sarauta ce, wadda sarki ke riƙe da ita amana a madadin jama'arsa, kuma Dokar Filaye ta 2020 ta tabbatar da wannan matsayi na amana. A ƙarƙashin kujerar akwai dangogin da suka gaji noman wani yanki, kowane da shugabansa da ake kira abusuapanin, sannan akwai mai gonar da ya dasa kokon, sannan daga ƙarshe akwai wanda ke zaune a bukkar gona yana aikin yau da kullum. Wannan na ƙarshe, wanda sau da yawa ɗan'uwanmu ne daga arewa, yakan kasance a kan yarjejeniyar abusa, wato yana kula da gona ya karɓi kashi ɗaya cikin uku na amfanin. Shi ne kuka gani, kuma shi ne ya fi kowa ƙarancin iko a kan filin. Ya yi muku karamci da zuciya ɗaya, amma idan mai gona ya zo da safe ya tarar da tantuna da baƙin fuskoki a gonarsa ba da saninsa ba, ku za ku naɗe kayanku ku koma gida, shi kuwa yana iya rasa gonar da yake ciyar da iyalinsa da ita. Wannan kaɗai ya isa ya sa ku bi hanyar da ta dace.

Hanyar kuwa ita ce mutum biyu daga cikinku, masu natsuwa kuma masu jin Twi sosai, su je tun mako ɗaya ko biyu kafin tafiyar. Su roƙi mai kula da gonar ya haɗa su da mai gonar, ko ido da ido ko ta waya. Idan ya amince, sai a wuce wurin sarkin ƙauyen, wanda ake kira odikro, kuma ba a yi masa magana kai tsaye sai ta bakin okyeame, mai magana da yawunsa. Yana da kyau kuma a sanar da ɗan majalisar ƙaramar hukuma na yankin, domin shi ne mutane ke fara kira idan sun ga abin da ba su gane ba.

Kada ku ɗauki wannan a matsayin ɓata lokaci. Ku dubi yadda mutumin ƙauye zai gan ku: samari goma sha biyu, baƙi, da fitilu da dare a bakin ruwa. A ƙasar da masu haƙar zinariya ba bisa ƙa'ida ba, wato 'yan galamsey, suka lalata koguna irin su Offin da Pra da Birim, baƙon da ke zagaya bakin ruwa yana jawo zargi tun kafin ya buɗe baki. A lokacin babban girbin koko, daga wajen Oktoba zuwa farkon shekara, ana shanya wake a fili kuma manoma suna tsoron ɓarayi. A ɓangaren Agogo kuwa rikicin manoma da makiyaya ya daɗe, har ya sa wasu ke yi wa duk baƙon da ya yi kama da ɗan arewa kallon tuhuma. Wannan rashin adalci ne, amma yana nan, kuma maganinsa shi ne a san ku tun da rana, a san wanda ya saukar da ku. Ta fuskar doka ma, dokar laifuffuka ta 1960 ta ɗauki shiga filin wani bayan an hana ka, ko ƙin fita bayan an ce ka fita, a matsayin laifi. Kakanninmu fatake da suka yi safarar goro daga Gwanja zuwa ƙasar Hausa ba sa sauke kaya a gari sai sun sami maigidan da zai tsaya musu, kuma hikimar wannan tsari ba ta tsufa ba.

Batun kwalbar giya gaskiya ne, domin a al'adar Akan, wato al'ummar da Asantawa ke cikinta, baƙo yakan gabatar da abin sha idan ya zo neman wata buƙata a fada. Musulmi ba zai sayi giya ba kuma ba zai ɗauke ta ya kai wa wani ba, saboda hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya haɗa mai sayenta da mai ɗaukarta cikin waɗanda aka la'anta. Amma ba sai abin ya kai ga jayayya ba. Musulmi sun fi ƙarni biyu suna zaune a ƙasar Asante, kuma fadojin sun san mu. Ku faɗa wa okyeame tun farko, cikin ladabi, cewa ku Musulmi ne kuma kun zo da gaisuwarku ta goro da ɗan kuɗi a ambulan. Idan garin ko na kusa da shi yana da sarkin zango ko limami, ku fara sauka wurinsa ya raka ku, domin ya san yadda ake yi a wurin kuma maganarsa tana da nauyi. Idan aka dage sai da kwalba, ku yi godiya ku nemi wani wuri; ƙauyukan da ke kewaye da tafkin suna da yawa.

Idan an amince, ku ƙulla magana dalla-dalla a gaban shaida: mutum nawa, kwana nawa, nawa za a biya kuma wa za a ba, ina za a hura wuta, ina za a yi bahaya, wane ruwa za a ɗiba. Biyan kuɗi ta momo yana barin shaida a waya, kuma yana hana wani ɗan dangin ya ɓullo da yamma ya ce shi ba a sallame shi ba. Ku tambayi ranar da aka yi wa gonar feshi na ƙarshe, kuma kada ku zuba ruwan sha a kowace jarka da kuka tsinta a gona, domin ta yiwu ta maganin ƙwari ce. Ayaba da lemo da gwanda da ke gefen gona suna da mai su ko da sun faɗo ƙasa, saboda haka ku saya. Kuɗin kaɗan ne, amma shi ne zai sa a yi murna da zuwanku.

Akwai kuma ranakun hani. A wurare da dama na Asante ba a aikin ƙasa ranar Alhamis, wasu koguna suna da ranar da ba a zuwa bakinsu, akwai kuma kurmin da ba a shiga. Shi kansa Bosomtwe wuri ne mai tsarki a wurin Asantawa, shi ya sa masuntan tafkin tun da can suke kamun kifi a kan falankin katako da ake kira padua maimakon jirgi. Ba a ce ku yi imani da abin da suka yi imani da shi ba. Sharaɗin mai masauki ne a kan ƙasarsa, kuma baƙon kirki yana kiyaye shi matuƙar bai sa shi saɓon Allah ba. Daga ƙarshe, ku sani cewa UNESCO ta sanya tafkin cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu tun 2016, kuma ba shi da kogin da ke fitar da ruwansa, don haka duk leda ko sabulun da kuka zuba a ciki zama zai yi. Ku koma Kumasi da shararku a buhu.

Tambaya ta biyu, daga wata uwa a Asawase:

Malam, maigidana yana so mu tafi da yaranmu uku mu kwana a tanti a filin wani abokinsa da ke bakin Kogin Volta. Ni tsoron ruwa nake ji, shi kuma yana cewa na cika tsoro. Yaran ba su iya iyo ba. Me ya kamata in sani?

Amsa:

Hajiya, tsoronki a kan hanya yake, kuma ina roƙon maigida ya karanta wannan amsa tare da ke. Ba na cewa a fasa tafiyar, amma ruwa shi ne babban haɗarin irin wannan fita, ya fi maciji kuma ya fi ɓarawo, kuma haɗarinsa kala uku ne.

Na farko shi ne tashin ruwa. Kogi yana cika ne da ruwan saman da ya sauka a can sama, ko da ku ba ku ga ɗigo ɗaya ba inda kuke. Yashin bakin kogi da ya yi laushi ya yi faɗi, wanda kowa ke sha'awar kafa tanti a kai, shimfiɗar ruwan ce da kanta idan ya ƙaru. Ku duba rassan bishiyoyi da ciyayin bakin gaɓa, za ku ga inda ambaliyar baya ta rataye shara da karmami. Tanti ya kasance sama da wannan alama sosai. A Volta kuma akwai hannun ɗan'adam a cikin lamarin, domin madatsar Akosombo da aka kammala a 1965 da ta Kpong da ke ƙasa da ita su ne ke sarrafa ruwan. A watan Satumba na 2023 hukumar kula da Kogin Volta ta fara sakin ruwa saboda tafkin ya cika, kuma zuwa Oktoba garin Mepe da wasu garuruwan Tongu sun nutse, dubban mutane suka rasa matsuguni. A arewa ma, kusan kowace shekara wajen Agusta da Satumba akan saki ruwan madatsar Bagre ta Burkina Faso, sai Farin Volta ya malala cikin gonaki. Don haka tambaya ta farko ga abokin maigida ita ce: filin yana sama da madatsa ne ko ƙasa da ita, kuma ina ruwa ya tsaya a 2023? Idan da hali, a yi tafiyar tsakanin Disamba da Fabrairu.

Na biyu shi ne nutsewa. Yaro yana nutsewa ne shiru, ba ihu ba fantsama, cikin ɗan lokaci ƙalilan, kuma sau da yawa manya suna kusa, kowa yana zaton wani ne ke kallonsa. Saboda haka a ware mutum ɗaya a kowane lokaci wanda aikinsa kawai kallon yara ne, ba girki ba waya, kuma idan zai tashi ya miƙa aikin ga wani da baki. Tanti ya yi nisa da ruwa yadda yaron da ya farka da asuba ba zai isa gaɓa kafin a farga ba, kuma babba ya kwanta a bakin ƙofar. Kada a shiga kwalekwale sai kowa yana sanye da rigar kariya daidai jikinsa. Tafkin Volta, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,500, ya shanye dazuzzuka ne lokacin da aka cika shi, kuma kututturan bishiyoyin da ke ƙarƙashin ruwa sun sha fasa jirage. Ga masu zuwa Bosomtwe kuma, tafkin ramin faɗuwar dutse ne daga sama, fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, kuma zurfinsa ya kai wajen mita 80. Kwanciyar fuskarsa kada ta ruɗi kowa.

Na uku shi ne abin da ido ba ya gani, wato tsargiya. Bayan gina Akosombo ruwa ya daina gudu, ciyayi suka yawaita, ƙananan katantanwa da ke ɗauke da cutar suka yaɗu, har tsargiya ta zama ruwan dare a ƙauyukan bakin tafkin. Ƙwayar cutar tana fita daga jikin katantanwa ta huda fatar mutum, don haka ba sai an sha ruwan ba. Wanka, wanki, alwala ko tsayawa a gefen ruwa mai ciyayi duk sun isa. Alamar da aka fi sani ita ce jini a fitsari, amma takan ɗauki makonni kafin ta bayyana, kuma wasu ba sa ganin komai alhali cutar tana musu illa a ciki. Ruwan wanka da alwala a tafasa shi, ko a ɗebo a ajiye shi kwana biyu a rufe, domin ƙwayar ba ta daɗe da rai idan ba ta sami jiki ba. Idan yaran suka shiga ruwan duk da haka, a kai su asibiti bayan mako shida zuwa takwas a faɗa wa likita inda suka je. Maganin praziquantel yana aiki sosai idan tsutsar ta girma. Ruwan sha kuwa ku tafi da naku daga gida. A yankunan galamsey tafasawa ma ba ta da amfani, domin wuta tana kashe ƙwayoyin cuta ne amma ba ta cire sinadarin makuri da ake wanke zinariya da shi. Can kuma akwai ramukan da aka haƙa aka bari sun cika da ruwa, waɗanda suka ci rayukan yara da dama.

Sauro ba ya buƙatar dogon bayani ga uwa a Gana. A tabbata tantin yana da raga marar huji, a tafi da gidan sauro mai magani, a sa wa yara riga mai dogon hannu tun magariba. Duk zazzaɓin da ya zo cikin makonni biyu bayan dawowa, a yi gwajin maleriya a ranar. Ki kuma tambaya tun kafin ku tashi ina ne asibiti mafi kusa, kuma ko waya tana samun sabis a filin, domin lambar gaggawa ta 112 ba ta da amfani inda babu sabis.

Tambaya ta uku, daga wani malamin Islamiyya a Tafo:

Malam, zan fita da ɗalibaina manya a lokacin hunturu zuwa gonar wani mahaifin ɗalibi kusa da rafi. Ina neman shawara kan wuta da dare, da kuma ko za mu yi ƙasaru.

Amsa:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya. A hunturu ciyawa busasshiya ce kuma iska tana kaɗawa, kuma dattawan manoma har yau suna tuna gobarar daji ta 1983 da ta cinye gonakin koko da na abinci a faɗin ƙasar nan. Dokar hana gobarar daji ta 1990 ta sa tayar da irin wannan wuta ya zama laifi. Ku yi girki a kurfoti ko ƙaramin murhun gas a wurin da aka share har ƙasa, da bokitin ruwa a gefe, kuma a kashe garwashi da ruwa har sai hannu ya iya taɓa tokar. Kada sanyin dare ya sa wani ya shigar da kurfoti cikin tanti, domin gawayi yana fitar da iskar da ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci ba tare da ya farka ba.

Kada a kafa tanti ƙarƙashin babbar bishiya mai busassun rassa. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da bishiya a kan masu wanka a magangarar ruwa ta Kintampo, aƙalla mutum 18 suka rasu, yawancinsu ɗaliban sakandare. A kuma kauce wa hanyar dabbobi da ta kwarkwasa; Muslim ya ruwaito umarnin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa matafiyi ya kauce wa hanya idan zai sauka da dare, domin ita ce mabiyar dabbobi da miyagun ƙwari. Kowa ya sa takalmi rufaffe ya riƙe tocila idan zai fita, a kuma kakkaɓe takalmi da safe. Idan maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana gaɓar motsi a kai shi asibiti nan take. Bahaya a yi shi a ramin da aka haƙa nesa da rafi, domin hadisin Abu Dawuda ya yi hani ga yin sa a mashayar ruwa da kan hanya da inuwar da mutane ke hutawa.

Ƙasaru kuwa, Malam ya fi ni sani cewa a mazhabar Malikiyya sai tafiya ta kai mil 48, wato wajen kilomita 80. Bosomtwe, mai nisan kimanin kilomita 30 daga Kumasi, bai kai ba, don haka a auna nisan gonar tukuna. Alƙibla daga wannan yanki gabas ce da ɗan karkata zuwa arewa, kuma ya fi sauƙi a tantance ta tun da rana a sa alama.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗan kasuwa a Alabar:

Malam, zan je Afirka ta Kudu sayayya, kuma abokan kasuwancina na can sun gayyace ni kwana biyu a tanti a wata gonar inabi kusa da Cape Town, a bakin kogi. Na ji cewa giya ake yi da inabin. Shin ya dace in je?

Amsa:

Alhaji, abin da ka ji gaskiya ne. Yankin Stellenbosch da Paarl da Franschhoek, da ke gabas da Cape Town tafiyar kamar awa ɗaya a mota, shi ne cibiyar giyar inabi ta Afirka ta Kudu. An fara matse inabi a Cape Town tun 1659, an kafa Stellenbosch a 1679, kuma Faransawa 'yan gudun hijira da suka iso a 1688 suka zauna a kwarin Franschhoek. Gonaki da yawa a yau suna ware wani gefe a bakin kogi ko madatsar gona domin masu tanti, saboda kuɗin baƙi yana taimaka wa manomi a watannin da babu girbi.  Bambancin wannan tsari da namu shi ne can mai gona mutum ɗaya ne mai takarda da shinge, ka'idojin kuma a rubuce suke, kuma shiga gona ba tare da an yi rajista ba laifi ne da ba a ɗaukarsa da wasa.

Ra'ayina, wanda nake so ka kai wa malaminka ya duba, shi ne a raba abubuwa biyu. Kuɗin da ka biya na wurin kwana ne, kuma kallon duwatsu da kogi da itacen inabi ba haramun ba ne. Amma a yawancin waɗannan gonaki zuciyar ziyarar ita ce ɗakin ɗanɗana giya, inda ake zaunar da baƙi a jera musu kofuna, kuma hadisin Tirmizi ya hana mai imani da Allah da ranar ƙarshe zama a teburin da ake zagaya giya a kansa. Don haka ka tambayi abokanka tun kana Kumasi abin da aka shirya. Idan shirin yawo ne da gashin nama da hira a bakin ruwa, ka gaya musu a fili cewa ba ka sha kuma ba ka zama inda ake sha. Mutanen Cape sun saba da Musulmi, ba za su ga baƙon abu ba. Idan kuwa shirin daga wannan gona zuwa waccan ne ana ɗanɗanawa, ka nemi afuwa, ko ka ba da shawarar wani wuri. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da sa kuɗinsa a gonar giya ba ko kaɗan, yana da zaɓi mai yawa, domin kwarin kogunan Breede da Berg cike yake da gonakin 'ya'yan itace da zaitun da ke karɓar masu tanti, kuma ni wannan na fi so maka.

Ka kula da nama a wurin gashi, wanda suke kira braai, domin ana iya haɗa naman alade ko a jiƙa nama da giya. Naman halal yana da sauƙin samu a Cape Town, saboda haka ka saya naka ka tafi da ragar gashi daban. Musulunci tsoho ne a wannan yanki: a 1694 Turawan Holan suka kai Shehu Yusuf na Makassar ta ƙasar Indonesiya gudun dole gonar Zandvliet da ke kusa da bakin Kogin Eerste, can ya rasu a 1699, kuma har yau iyalan Musulmin Cape sukan kafa tantuna kusa da hubbarensa a garin Macassar na kusa da Cape Town a hutun Ista. Masallacin Auwal da ke unguwar Bo-Kaap, wanda aka kafa a 1794, shi ne mafi tsufa a ƙasar, kuma ya cancanci ka yi salla a cikinsa.

Yanayin can ya sha bamban da abin da ka saba. Daga Disamba zuwa Fabrairu rani ne mai zafi da iska mai ƙarfi daga kudu maso gabas, lokacin gobarar daji kuma lokacin da girbin inabi ke farawa, don haka mai gona yana iya hana hura wuta gaba ɗaya. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa sanyi ne da ruwan sama, kuma bargon da ya ishe ka a hunturun Kumasi ba zai ishe ka a tanti a can ba. Babu maleriya a yankin, amma kusa da duwatsu akwai gwaggon biri da ke buɗe jaka da akwatin abinci, don haka a kulle abinci a mota. Tun Nuwamba 2023 mai fasfo ɗin Gana yana shiga Afirka ta Kudu ba biza har kwana 90 a shekara, amma za a nemi katin rigakafin cutar shawara a filin jirgi, saboda haka ka duba naka tun kafin ka sayi tikiti.